Bature Da Haya Ya Fara: Martani Ga Shafin Tarihi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka baki ɗaya, ina roƙon ɗan fili in tanka wa marubucin shafinku na tarihi game da abin da ya rubuta makonni biyu da suka wuce a kan zuwan Turawa ƙasashenmu. Na daɗe ina bin shafin nan, har nakan yanke shi in ajiye wa jikokina, saboda haka kada malamin ya ɗauka suka ce. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Abubuwa biyu ya faɗa da suka tsaya mini a rai. Na farko, wai Kolumbus ne ya buɗe wa Turawa ƙofar duniya a 1492. Na biyu, wai tun ranar da Bature ya sa ƙafa a bakin teku aka gama da mu, don shi da bindiga ya zo, mu kuwa sai baka da kibiya. Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da alli a makarantar sakandare, kuma Allah Ya yafe mini, ni ma haka na riƙa faɗa wa yara, domin haka ya fi sauƙin faɗa, kuma ya fi daɗin ji. Tafiyar da na yi zuwa Elmina a ƙasar Gana ce ta sa na koma na buɗe tsofaffin takarduna.

Ɗana na biyu yana aiki a Ankara, babban birnin Gana, shekara uku da suka wuce ya matsa sai na je na ga jikokina. Ni kuwa na ce sharaɗina ɗaya, a kai ni Elmina. Muka yi sammako, muka bi hanyar bakin teku har muka wuce Kef Kwas kaɗan. Abin da ya fara tarbar mu warin kifi ne da hayaniyar masunta, da ɗaruruwan kwale-kwale masu fenti ja da rawaya da shuɗi sun cika bakin ruwa kamar tashar mota ranar jajibirin salla. A bayansu ga wani farin gini tafkeke a kan dutse, da igwoyi sun yi tsatsa suna kallon teku. A jikin bayanin da aka rubuta aka ce 'yan Fotugal suka gina shi a 1482. Na tsaya na yi lissafi da yatsu kamar ɗan aji ɗaya. Shekara goma ke nan kafin Kolumbus ya tsallaka teku. Kuma a wannan shekarar Sarki Muhammadu Rumfa ne ke kan gadon Kano, shi da ya hau a 1463 ya kai har 1499. Wato sa'ad da ake kafa kasuwar Kurmi, akwai Bature da ke aza dutse kan dutse a ƙasar da kakanninmu ke zuwa fataucin goro ta arewacinta. Shi kansa Kolumbus ma ya taɓa zuwa wannan gida a jirgin 'yan Fotugal, tun yana neman wanda zai saurare shi.

To me ya kawo su? Zinariya, Malam Edita, kuma zinariyar da suka sani ta hannun Musulmi take fita. Tun hajjin Mansa Musa na Mali a 1324 labarin arzikin ƙasar baƙar fata ya cika Masar ya tsallaka Turai, har a wata taswira da aka zana a tsibirin Mayorka a 1375 aka yi hotonsa yana zaune da curin zinariya a hannu. Ayarin raƙuma ke ɗauko ta daga Tumbutu su keta Sahara zuwa garuruwan Maroko da Tunis, daga can 'yan kasuwar Turai su saya da tsada. A 1415 sarkin Fotugal da 'ya'yansa suka ci garin Sabta, wanda Turawa ke kira Ceuta, a bakin tekun Maroko, ɗaya daga cikin wuraren da ayari ke sauke kaya. Suka ci gari, amma ayari ya canza hanya, aka bar su riƙe da shago babu haja. A cikin 'ya'yan sarkin akwai Yarima Henri, wanda littattafan makaranta suke yi wa kirari da gwanin tuƙin jirgi, alhali shi bai taɓa wuce Maroko ba. Abin da ya iya shi ne zuba kuɗi da tura mutane. Dabararsa kuwa ta ɗan kasuwa ce tsantsa: in dillali ya hana ka ganin mai kaya, sai ka zagaya ta bayan gida.

Zagayen bai zo da sauƙi ba. Akwai wani lungu a gaɓar Sahara da suke kira Bojador, matuƙa suna tsoronsa don sun yi imani wanda ya wuce shi ba ya dawowa. Sai 1434 wani mai suna Gil Eanes ya wuce ya kuma dawo. Daga nan suka yi ta rarrafe kudu da ƙananan jiragensu masu tafiya da iska, suna amfani da kamfas da na'urar auna tsayin taurari wadda malaman Musulmi na Andalus suka daɗe da ƙwarewa a kanta. A 1444 suka kai mutum 235 da suka kamo daga gaɓar Muritaniya ta yanzu, aka raba su kashi-kashi a wani fili a garin Lagos na Fotugal, uwa nan ɗa can, Yarima Henri yana kan doki aka ware masa humusinsa, mutum 46. (Sunan Legas ɗinmu ma daga bakin 'yan Fotugal ya fito, amma wannan zance ne na wata rana.) Fafaroma ya sa musu albarka da takardu a 1452 da 1455, cewa ƙasar da suka iske da mutanen da ba Kirista ba halal ne a gare su.

A nan ne nake so malamin shafi ya tsaya ya duba. Wancan farmaki sun yi shi ne a kan masunta da makiyaya marasa kariya. Da suka gangaro yankin Senegal da Gambiya, inda akwai sarakuna da mayaƙan kwale-kwale, sai labari ya sha bamban. A 1446 aka kashe ɗaya daga cikin manyan matuƙansu, Nuno Tristão, shi da mafi yawan mutanensa, da kibiya mai dafi. Bakan nan da kibiyar da marubucin ya raina su suka koya wa Bature ladabi. Bindigar wancan zamani sai an ɗura, an kunna lagwani, an yi addu'a kada ruwa ya taɓa albarushi. Kafin ta tashi maharbi ya saki kibiya biyar. Bayan sun sha irin wannan kashi sau da dama, sai suka ajiye sata suka koma ciniki.

A 1469 sarkin Fotugal ya ba wani attajirin Lisbon, Fernão Gomes, kwangilar cinikin gaɓar, da sharaɗin kowace shekara jiragensa su ƙara gano sama da kilomita 500 na bakin teku. A 1471 mutanensa suka iso Shama a bakin kogin Pra, suka ga mutane na kawo garin zinariya kamar ba a bakin komai ba. Suka sa wa yankin suna Mina, wato mahaƙa. Shekara goma bayan haka Sarki João na Biyu ya turo Diogo de Azambuja da jirage goma sha biyu, da soja 500, da magina 100, har da duwatsun da aka riga aka sassaƙa tun daga Fotugal. Suka iso a watan Janairun 1482.

Mutum mai soja 500, da abin ƙarfi ne ai da sai ya hau gini kawai. Amma Azambuja sai ya ci ado, ya sa aka shirya masa kujera, ya aika a roƙi sarkin wurin ya zo. Turawa sun rubuta sunansa Caramansa, mutanen Gana na cewa Kwamina Ansa. Sarkin ya zo da makaɗa da mabusa, wuyansa da gemunsa duk zinariya. Aka ce masa ana neman izinin gina ɗakin ajiyar kaya da wurin ibada. Amsar da marubutan Fotugal da kansu suka ruwaito daga bakinsa ita ce ta sa na ji kamar wani dattijo ne a zauren unguwarmu ke magana. Ya nuna musu cewa gara su ci gaba da zuwa suna komawa kamar yadda suka saba, don abokan da ke haɗuwa jefi-jefi sun fi maƙwabta daɗewa da zumunci. Ka ji fa, zo mu zauna zo mu saɓa. Suka yi ta lallashi da alkawura da kyaututtuka har ya yarda. Washegari magina suka hau fasa wani dutse da mutanen garin ke girmamawa, nan take faɗa ya kaure, sai da aka fito da ƙarin kaya aka ba da haƙuri kafin ƙura ta lafa. Da haka aka kafa gidan Bature na farko irinsa a ƙasar baƙar fata, da roƙo da toshi.

Jagoran da ya zagaya da mu yaro ne mai hazaƙa, amma ya saba da baƙi 'yan Amurka masu zuwa neman tushensu, don haka kai tsaye ɗakunan bayi ya nufa da mu. Ba zan ɓoye maka ba, na shiga ɗakin mata na fito ban iya magana ba. Ɗaki ne mai duhu, iska ba ta shiga sai ta wata 'yar kafa, kuma har yau akwai wani wari da ya kama bangon, na rasa da me zan kwatanta shi. A samansa ga barandar gwamna, inda yake tsayawa ya zaɓi wadda yake so. A tsakar gidan ga cocin da 'yan Fotugal suka gina. Ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi kuwa, ni da ba ni da jiki sai da na karkata kafaɗa na leƙa. Ɗana ya riƙe mini hannu kamar ni ne yaron.

Da muka fito na tambayi jagoran, kafin bayi fa, me ake sayarwa a nan? Ya ce zinariya. Na ce da me ake sayenta? Ya yi shiru. To ga abin da bai faɗa ba, kuma shi ne ya fi shafarmu. Mutanen Akan, wato mutanen wannan yanki na kudancin Gana, ba jiran Bature suke yi ya koya musu kasuwa ba. Wangarawa, 'yan'uwan waɗanda tarihin sarakunan Kano ya ce sun iso garinmu zamanin Sarki Yaji, sun riga sun shimfiɗa hanya daga Jenne zuwa Bighu a bakin kurmi, suna sayen zinariya suna kai ta arewa. Ta hannunsu mutanen Akan suka saba da tufafin Maroko da tasoshin tagulla. Saboda haka da Bature ya zo ya tarar kayan ƙasarsa ba su da wani farin jini, dole ya biya garuruwan Maroko ya sayo barguna da riguna irin waɗanda raƙumi ke kawowa, ya zuba a jirgi ya kawo Elmina. Kayan dai su ne, abin hawa ne ya canza. Har Wangarawan ma suka riƙa gangarowa bakin teku suna ciniki da shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaci. A shekarun farko, bayi shigo da su ake yi Elmina. 'Yan Fotugal kan je kogunan ƙasar Binin, inda suka isa wajen 1485, su sayi masoro da mutane da mundayen tagulla, su kawo mutanen nan su sayar wa attajiran Akan da ke neman masu dako da masu haƙa, a biya su da zinariya. Baƙi ya sayar, baƙi ya saya, Bature na tsakiya yana cin la'ada. Wannan ba ya cikin abin da nake koya wa yara, don ni ma ban so in sani ba.

Inda Bature ya nuna ainihin abin da yake iya yi in ya sami sarari shi ne tsibirai. Madeira, wadda suka fara zama a cikinta bayan 1420, babu kowa a ciki. Suka cinna wa dajin wuta suka shuka rake. Tsibiran Kef Bade su ma babu kowa, a can suka kafa garin Ribeira Grande a 1462. Sao Tome kuwa, da mutanen kirki suka ƙi zuwa saboda zazzaɓi, a 1493 aka kwashi fursunoni da yaran Yahudawa da aka raba da iyayensu aka jibge a can, aka kawo bayi daga gaɓar Afirka su yi noman rake. A waɗannan tsibirai aka gwada tsarin nan na babbar gona, amfani iri ɗaya, da bayi masu aiki har mutuwa, kafin a tsallaka da shi Barazil. Duk wanda ke jefa sukari a koko ya san cewa wannan farin abu ya ci rayuka fiye da yaƙuna da yawa.

Sai Kolumbus, wanda ya zo a makare ya kuma ɓace hanya, don Indiya ya nufa. A daren Kirsimetin 1492 babban jirginsa ya dare kan dutse a tsibirin da Haiti take a yau, ya kwashi katakan ya yi ɗan sansani ya bar mutum 39. Da ya dawo bayan wata goma sha ɗaya bai tarar da ko ɗaya da rai ba. Amma wannan karon da jirage 17 ya zo da mutum sama da dubu, kuma mutanen Taino da ya iske ba su da ƙarfe, jikinsu kuma bai san cututtukan Turai ba. Ya ɗora wa duk wanda ya kai shekara goma sha huɗu harajin zinariya kowane wata uku. Aikin tilas da yunwa suka fara, agana ta zo a 1518 ta ƙarasa. A wannan shekarar ce sarkin Sifaniya ya ba da lasisin kai bayi 4,000 daga Afirka su maye gurbinsu. Tun 1494 kuwa Fotugal da Sifaniya sun zauna a garin Tordesillas sun ja layi a taswira sun raba duniya biyu, kamar 'yan gado da ba su taɓa ganin gonar ba.

Kwatanta wannan da gaɓarmu. 'Yan Fotugal sun yi shekara 155 a Elmina, ikonsu bai wuce inda harsashin igwa ke faɗawa ba. A 1637 'yan Holan suka hau tudun da ke fuskantar gidan, suka yi musu ruwan wuta suka karɓe, kuma sai da taimakon mayaƙan ƙasar suka iya. Su ma 'yan Holan ɗin daga baya sun riƙa biyan Sarkin Asante wani kuɗi a kai a kai, wanda Asante ke ɗauka kuɗin haya ne. Oban Binin ya taɓa taƙaita sayar musu da bayi maza, kuma ba su iya yi masa komai ba. Binin ba ta faɗi ba sai 1897. Sauro ma ya yi nasa aikin gadi, har sai da aka gane amfanin kwinin: a 1854 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Baikie ya hau Kwara da Binuwai da jirgi ya dawo ba a rasa rai ko ɗaya ba. Raƙumi shi ma bai mutu don jirgin ruwa ya zo ba, fataken Kano sun ci gaba da hulɗa da Tarabulus har jirgin ƙasa ya iso a 1911. Daga ranar da Azambuja ya roƙi fili zuwa ranar da sojan Lugga suka fasa ƙofar Kano a 1903, shekara 421 ne. Wanda aka gama da shi tun ranar farko ba ya kai wannan tsawon rai.

Abin da ya faru a tsakanin nan shi nake so a riƙa faɗa wa yaranmu. Kowane sarki yana son ɗan hayarsa ya fi na maƙwabcinsa kawo bindiga, bindiga kuma da mutum ake sayenta, mutumin kuwa daga ƙauyen wani za a kamo shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu ma na arewa kada mu wanke hannu mu ce abin na mutanen kudu ne. Kakana mahaifin babana ya yi fataucin Gwanja da jakuna, ya kai kanwa da baƙin yadi ya komo da goro, kuma kakata ta sha ba mu labarin kasuwar Salaga kamar ita ta je. Abin da ba ta faɗa mana ba shi ne a kasuwar nan ba goro kaɗai ake sa wa kuɗi ba, kuma da yawa daga waɗanda suka bi ta ƙofar nan da na leƙa daga arewa aka gangaro da su.

Wani abin kuma da ya sa na sunkuyar da kai a Elmina: a 1872 'yan Holan suka miƙa gidan ga Ingila ba tare da shawarar mutanen gari ko Asante ba. Mutanen gari suka ƙi, a watan Yunin 1873 Ingilishi suka yi wa tsohon garin luguden wuta suka share shi, filin yana nan fayau a gefen gidan har yau. A yaƙin da ya biyo baya, wanda aka ƙone Kumasi a 1874, cikin sojan Ingila akwai rundunar da ake kira Hausawa, waɗanda wani hafsan Ingila mai suna Glover ya fara ɗauka a Legas, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayen gijinsu. A cikin wannan gida kuma aka tsare Sarkin Asante Prempeh a 1896 kafin a fitar da shi daga ƙasar. An nuna mana ɗakin, yana sama, tagarsa na kallon teku.

Ina roƙon malamin shafi ya gyara shekarar nan ta 1492 ya mayar da ita 1415, kuma in akwai hali ya ware mako guda ya yi mana bayanin Wangarawa da hanyar Gwanja, don masu karatunku na zangon Kumasi da Tamale suna da abin faɗa a kai fiye da ni. Idan yana son hotunan da ɗana ya ɗauka a Elmina, suna nan a wayata, sai dai na ɗakin matan bai fito ba saboda duhu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin tarihi,
Fagge, Kano.